Ko Kyan Ɗan Maciji Ma Babu

Wata Laraba cikin watan jiya, tsakanin Kwanar Dangora da Kura, motata ta ga dama ta ce ta gaji. Tayoyi lafiya lau, lagireto bai tafasa ba, baƙin mai kuwa ko mako biyu ban yi da juye shi ba. Wata 'yar fitila ce ruwan ɗorawa ta kunnu a gabana, allon da ke tsakiyar motar ya rubuto mini dogon turanci, shi ke nan. Na taka totur har ƙasa, motar ta ƙi wuce gudun A Daidaita Sahu. Haka na rarrafo zuwa Kano a gefen titi, tireloli suna danna mini oda, yaran mota suna leƙowa suna mini dariya. Ba zan faɗi sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, don in na kama ɗaya na yi wa sauran alfarma, alhali duk kanwar ja ce.

Bakaniken da na shekara goma sha biyar ina kai wa mota ya ɗaga bonet. Abin da ya tarar shi ne wani faffaɗan murfin roba baƙi, an lulluɓe injin da shi kamar gawa. Ya tsaya riƙe da sifana yana kallo, can ya ce, "Yallaɓai, wannan ba tawa ba ce. Sai mai kwamfuta ya zo." Mai kwamfuta bai zo ba sai washegari, kuma kafin ya taɓa komai sai da ya karɓi kuɗin jona na'urarsa. Abin da ya tsayar da ni a hanya, ashe, wani ɗan sansa ne da bai kai babban yatsana ba. Na ce to a sayo. Aka ce ai ba a sayar da shi shi kaɗai, an narkar da shi cikin wani gidan roba, sai dai a sayi gidan gaba ɗaya. Aka nema a Ƙofar Ruwa babu, aka aika Legas. Da ya iso aka ɗaura, sai kuma aka ce dole a gabatar da shi ga kwamfutar motar, ta amince da shi, kamar baƙon da ake kai wa mai unguwa. Kwana tara motar tana gareji. Kwana tara, saboda abin da yaro zai iya haɗiyewa.

A cikin kwanakin nan tara ne na zauna na yi ta tunanin Fijo 504 ta mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Na san masu karatu da yawa za su ce tsoho ya fara kukan zamaninsa. To a bari na yi kukan, daga baya a yi mini hisabi. An fito da 504 a Faransa a 1968, gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ne ya tsara surarta, kuma ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 ta lashe gasar tseren Safari a Kenya, cikin laka da duwatsu, a shekarar da masana'antar Fijo ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci. Faransawa sun daina yin ta, mu muka ci gaba har 2006. Gwamna ya hau ta, ɗan sanda ya hau ta, direban tasha ya loda mata mutum bakwai da buhunan masara, ta kama hanyar Kano zuwa Maiduguri ba ta ce uffan ba. In ta tsaya a daji, direba zai sauko, ya kwance kafireto ya hura da baki, ya goge fulogi, ya kankare kontak da 'yar takardar yashi, fasinjoji su tura, a ci gaba da tafiya. Ka ɗaga bonet ɗinta, kana hango ƙasa ta gefen injin, hannunka yana isa ko'ina. Wanda ya zana wannan motar ya tuna cewa wata rana wani zai sa hannu ya gyara ta, ya kuwa bar masa wurin sa hannun. Haka Marsandin nan ta W123 da aka yi daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, wadda har yau in ka rufe ƙofarta sai ka ji kamar an rufe taskar banki.

Kafin a tare ni, ga abin da na yarda da shi. Tsofaffin motocin nan sun kashe mutane da yawa. Ba su da jakar iska, birkinsu yana kullewa a kan jiƙaƙƙen titi, in aka yi karo sitiyari yakan soke direba a ƙirji. Duk wanda ya taɓa ganin abin da ya rage na 504 bayan ta haɗu da tirela ba zai yi musun wannan ba. Motar yau ta fi kare rai, ta fi tattalin fetur, hayaƙinta ya fi tsabta, kuma injin da ke fesa mai da kwamfuta ya fi kafireto, ko bakanikena ya ƙi ko ya so. Amma wannan ɗin ne ma yake ƙara tunzura ni. Mutanen da suka iya ƙera motar da za ta daki bango mai ita ya fito da ƙafarsa, ba za a ce sun kasa ƙera maɓallin da zai shekara ashirin ba. Sun iya. Ƙi suka yi.

A dubi Fijon kanta, wadda muka yi wa kallon 'yar gida. Kamfanin da ya ba mu 504 shi ne ya fito da ƙaramin injin nan mai suna PureTech 1.2, aka yi ta ba shi lambar yabo shekara huɗu a jere, daga 2015 zuwa 2018. Wani gwani a can ya ga cewa bel ɗin da ke daidaita tafiyar injin, wanda na roba ne, gara a tsoma shi cikin baƙin mai, wai don a rage gogayya a tsimi 'yan ɗigon fetur. Kowane yaron gareji a Panteka zai gaya maka abin da mai mai zafi yake yi wa roba. Bel ɗin ya riƙa kumbura yana marmashewa, ɓurɓushin ya toshe matatar da famfon mai ke zuƙa ta ciki, injin ya bushe ya ƙone. A wasu motocin har ƙarfin birki ya shafa. Sai da aka yi kiranyen motoci masu ɗimbin yawa, aka tsawaita garanti zuwa shekara 10, kuma a sabon samfurin aka koma wa sarƙar ƙarfe, wato abin da kakanninsu suka sani tun farko. Ford ma ya yi irin wannan dabarar a injinsa na EcoBoost 1.0. Garantin shekara goma yana da amfani ga Bafaranshen da ke Lyon. Ranar da motar za ta sauka a Kwatano, garantin ya daɗe da mutuwa, bel ɗin kuma yana nan yana jiran wanda zai fashe a hannunsa.

Ƙananan abubuwan su suka fi cin rai. Sandar duba baƙin mai, ɗan ƙarfen nan da kowane direba yake zarowa da asuba ya goge da tsumma ya mayar, BMW ya cire ta daga motocinsa da yawa tun tsakiyar shekarun 2000, wasu suka bi sahu. Yanzu sai ka tambayi allo ko akwai mai, in sansan ya yi ƙarya kuwa, sai dai ka ji injin ya buga. Safaya taya ta ɓace daga but, an maye gurbinta da gwangwanin gam da ɗan famfo. Wanda ya yanke wannan hukunci bai taɓa faɗawa ramin da ya tsaga taya gida biyu da magariba ba. Giyabos an rufe shi ruf, an ce mansa na har abada ne, kuma "har abada" a bakinsu tana ƙarewa ne daidai lokacin da garanti ya ƙare. Fitilar gaba, da can ƙwai ne kake saya da canjin aljihu ka murɗa da hannunka. Yau in ta mutu, gidan fitilar gaba ɗaya za ka canza, sai an kwance bamba, kuma kuɗinta zai sayi babur.

Sai allo. Wayyo allo! An ɗauki talabijin an manna a gaban direba, aka tattara komai aka zuba ciki: sanyin mota, rediyo, madubin gefe, a wasu har buɗe akwatin gaban fasinja. Ana sayar mana da shi a matsayin ci gaba, alhali araha ce ta kawo shi. Maɓallai talatin kowanne da wayarsa da gidansa da gwajinsa sun fi gilashi ɗaya tsada, shi ya sa aka share su, aka kuma ƙara kuɗin motar da sunan zamani. A 2022 wata mujallar motoci ta Suwidin mai suna Vi Bilägare ta yi gwaji mai sauƙi. Ta sa direbobi su yi 'yan ayyuka huɗu, irin su sauya tashar rediyo da ƙara ɗumi, suna gudun kilomita 110 a awa. A tsohuwar Volvo V70 ta 2005 mai maɓallai, daƙiƙa 10 aka gama. A sabuwar MG Marvel R mai ƙaton allo, sai da aka kusa daƙiƙa 45, motar ta ci fiye da kilomita ɗaya direba yana lalube a gilashi. Mu da muke hana 'ya'yanmu taɓa waya suna tuƙi, ga kamfani ya gina musu wayar a jikin mota. Volkswagen ya sa wa Golf ta takwas wasu 'yan layukan shafawa na ƙara murya da ɗumi, ya manta bai sa musu haske ba, da dare sai lalube. Daga baya shugabanninsa da bakinsu suka amsa cewa kuskure ne, za su dawo da maɓalli. Hukumar gwajin lafiyar motoci ta Turai, Euro NCAP, har sai da ta gindaya sharaɗi cewa daga 2026 motar da ke son cikakken maki ta tanadi maɓalli na zahiri domin sigina, da oda, da waifa, da fitilar haɗari, da kiran gaggawa. A ce sai an kafa wa injiniya sharaɗi kafin ya bar maka sigina inda hannunka zai same ta!

Wannan wasan ya ci rai. Fiat Chrysler ya sa wa wasu motocinsa sandar giya ta lantarki wadda duk inda ka tura ta sai ta dawo tsakiya, hannunka ba zai gaya maka ko ka sa fakin ko ba ka sa ba. Mutane suka riƙa fita daga mota tana bin su. A Afrilun 2016 aka yi kiranyen motoci sama da miliyan ɗaya. Wata biyu bayan haka, a Los Angeles, Jeep ɗin ɗan wasan fim Anton Yelchin ta gangaro ta matse shi da ginshiƙin ƙofar gidansa, ya mutu yana da shekara 27. Sandar giya ta shekara aru-aru tana aiki lafiya. Wa ya kai ƙararta?

Rashin kunyar ta kai maƙura a 2022, lokacin da BMW ya fara karɓar kuɗin wata-wata, kimanin dala 18, kafin ya kunna wa mai mota abin ɗumama kujera. A lura, na'urar tana cikin kujerar, ka riga ka biya kuɗinta, tana ƙarƙashin mazaunanka, amma an kulle ta daga nesa sai ka biya haya. Surutu ya yi yawa suka janye a 2023. Marsandi kuwa ya nemi dala 1,200 a shekara a Amurka don ya sakar wa wasu motocinsa na lantarki ƙarfin da tuni yake cikinsu. Ka sayi doki, mai dokin ya bar dabaibayi a ƙafarsa, ya ce duk wata ka aiko da kuɗin kwancewa. A kasuwar Wudil da wani ya gwada wannan, da ba a tashi kasuwa da shi a tsaye ba.

Da ma a ce suna da kyau, da sai mu ce kyan ɗan maciji ne, mu yi haƙuri. Ko shi babu. Ka tsaya a bakin titi ka dubi fuskokin motocin yau: duk a murtuke, idanu a tsuke, baki a wage kamar kura ta ga akuya. Motar kai yara makaranta ce, amma an yi mata fuskar mai neman faɗa. BMW yana da 'yan hancinsa biyu masu kyau da aka san shi da su tun shekarun 1930, a 2020 ya kumbura su a 4 Series suka zazzago har ƙasan bamba kamar haƙoran gafiya. Lexus ya mai da gabansa gaba ɗaya raga. Abin dariyar shi ne yawancin ragar nan toshe take, roba ce aka yi mata zanen ramuka, iska ba ta ratsa ta. A baya ma haka: bakin salansa biyu, wani lokaci huɗu, masu ƙyalli, ka sunkuya ka leƙa ka ga ado ne, salansar gaskiya 'yar siririya tana ɓoye tana kallon ƙasa. Har kukan injin ƙarya ne a wasu, ta lasifika ake sako maka shi. Jiki kuwa an yi masa layi a kan layi, lanƙwasa a kan lanƙwasa, kamar takardar da yaro ya cukuikuye. Mai gyaran jiki ya ga ta kansa. Ka cire tambarin kamfani daga jif goma na yau, mai su ma sai ya danna makulli kafin ya gane tasa, tunda fiye da kashi 70 cikin 100 na sababbin motocin duniya fari ne ko baƙi ko toka-toka. Da can daga nesa yaro zai ce ga Fijo, ga Marsandi, ga Volvo, ko da dare ne, daga fitila kawai.

Ga ƙiba. Golf ta farko da Giorgetto Giugiaro ya zana a 1974 nauyinta kilo 800 ne ko kusa da haka, ta yau ta kai 1,300. Hummer ta lantarki ta haura tan huɗu, batirinta kaɗai ya kai nauyin ƙaramar mota sukutum. Munin nan kuma ba a ido ya tsaya ba. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta bincika a 2023, ta gano cewa motar da tsayin gabanta ya wuce kimanin mita ɗaya ta fi mai gajeren gaba yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin 100. Gajeriyar mota a ƙafa take dukan mutum ta ɗora shi a bonet, doguwar kuwa a ƙirji take dukansa ta bi ta kansa. Yaro ɗan firamare in ya tsaya a gabanta, direba ba ya ganinsa sam. An tsawaita gaban ne don mai ita ya ji shi wani ne.

Sarkin munin duka ita ce Cybertruck ta Tesla, wadda aka fara miƙa wa masu saye a ƙarshen 2023, mai kama da akwatin ƙarfen da maƙeri ya fara bai gama ba. An tallata ta a matsayin motar da harsashi ba ya huda. A Afrilun 2024 aka kira kusan 3,900 saboda murfin totur yana zamewa ya maƙale a ƙasa, dalili kuwa sabulu aka shafa wajen sanya shi a masana'anta. A Maris 2025 aka sake kiran sama da 46,000, kusan duk wadda aka ƙera, domin wani ƙarfen gefen gilashi da aka liƙa da gam yana ɓallewa a kan hanya. Harsashi bai huda ba, gam ya saki.

Duk wannan wasa ne in aka kwatanta da inda aka yi ƙarya da gangan. A Satumban 2015 aka kama Volkswagen ya dasa wa motocin dizal kimanin miliyan 11 wata manhaja da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, in an hau titi ta saki har ninki 40 na abin da doka ta yarda. General Motors ya shekara kusan goma ya san makunnin wasu ƙananan motocinsa yana iya juyawa ya kashe injin ana cikin gudu, jakar iska ta ƙi buɗewa, bai yi kiranye ba sai 2014, kuma asusun diyyar da ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124. Takata na Japan ya cika jakunkunan iska da sinadarin da ake takin zamani da shi, don ya fi araha, alhali zafi da laima suna lalata shi, ranar haɗari ya tarwatsa gidansa ya watsa wa direba ƙarfe a fuska. An kira jakunkuna kimanin miliyan 67 a Amurka kaɗai, fiye da mutum 25 suka mutu a can, kamfanin ya karye a 2017. Zafi da laima, aka ce. Wasiƙar kiranye tana zuwa adireshin mai mota a Amurka ne, ba ta hawa jirgin ruwa ta biyo motar zuwa Kano ko Maraɗi. Duk mai tuƙa tsohuwar tokumbo ta shekarun nan ya dubi tsakiyar sitiyarinsa da kyau.

Na taso a Zariya, ba nisa da Palladan, inda kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take tun 1964. Muna yara mukan bar ƙwallo mu ɗaga kai duk lokacin da ƙaramin jirgin ɗalibai ya zagayo. Wannan sha'awar ba ta sake ni ba, shi ya sa nake bin labarin ƙananan jirage, kuma abin da ke faruwa can ya ishi mutum baƙin ciki. Cutarsu ta sha bamban da ta mota. Mota an yi ta sauya ta har aka lalata, ƙaramin jirgi kuwa an bar shi inda yake tun zamanin Sardauna, aka ninka kuɗinsa.

Cessna 172 shi ne jirgin da aka fi ƙerawa a tarihi, sama da 44,000. Ya fito kasuwa a 1956 a kan ƙasa da dala 9,000, wato kimanin dala 100,000 a kuɗin yau. Ingancinsa ba a magana: daga Disamban 1958 wasu mutum biyu, Robert Timm da John Cook, suka tashi da shi daga Las Vegas suka yi kwana 64 ba su sauka ba, ana miƙa musu fetur daga mota tana gudu a ƙasa. Yau sabonsa ya haura dala 400,000. Me aka ƙara? Allo biyu na Garmin, da kujerun fata. Injinsa na Lycoming asalin zanensa na shekarun 1950 ne, har yanzu matuƙi da hannu yake daidaita cakuɗar iska da mai, har yanzu fetur mai dalma ake zuba wa irin waɗannan jiragen, alhali ƙasa ta ƙarshe a duniya, Aljeriya, ta daina sayar da shi ga motoci tun 2021. Kujeru huɗu ne a ciki, amma jirgin ya yi nauyi, in ka cika tanki abin da ya rage maka bai fi kilo 250 da 'yan kai ba. Magidanta huɗu masu cin tuwo ba za su tashi tare ba.

Masu kare kamfanonin za su ce lauyoyi ne suka jawo, kuma akwai ƙamshin gaskiya. A 1978 Amurka ta fitar da ƙananan jirage 17,811, zuwa 1994 suka koma 928. Ƙararrakin diyya sun yi yawa har Cessna ya daina ƙera ƙananan jirage masu injin fistin a 1986. Sai majalisar Amurka ta yi musu doka a 1994, cewa jirgin da ya wuce shekara 18 ba a kama kamfanin da ya ƙera shi da laifi. An ba su abin da suka roƙa. Suka dawo aiki, suka ɗauko tsohon zane daga durowa, farashi kuma bai taɓa waiwayowa ƙasa ba.

Da suka ce bari su gwada sabo, sai aka ga Cessna 162 Skycatcher. An sanar da shi a 2007 a kan kusan dala 110,000, mutane sama da dubu suka ba da kafin alƙalami. Aka kai aikin haɗa shi Shenyang ta ƙasar Sin don araha, na gwaji biyu suka faɗi, farashi ya tashi zuwa 149,000, masu saye suka watse. Guda 192 kacal aka sayar, waɗanda suka yi kwantai kuma a 2016 aka murƙushe su sababbi fil aka zuba a bola. ICON A5, wanda aka zana kamar motar tsere aka tallata shi kamar abin wasan attajirai a bakin ruwa, an yi alkawarinsa a kan dala 139,000, ya ƙare a kusan 400,000, kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2024. A farkon 2023 kamfanin injin Continental ya sanar cewa an sanya wasu 'yan zobba a cikin sababbin injinansa ba daidai ba, har Cirrus, mai sayar da jirgin da ya kai dala miliyan, ya dakatar da nasa jiragen. Zobe ne fa, wanda aka kasa zaunar da shi a raminsa, a injin da in ya tsaya babu gefen titin da za a faka.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Van's na jihar Oregon, domin muna da dangantaka da shi: jirgin Air Beetle da aka haɗa a Kaduna wa sojojin saman Najeriya, kimanin guda 60, daga zanen RV-6A na wannan kamfani aka samo shi. Kamfani ne da aka yi shekaru ana yabon aikinsa. Da oda ta yi masa yawa lokacin korona, sai ya ba wasu 'yan kwangila su riƙa huda masa ramukan ƙusa da hasken leza maimakon injin hudawa da ya saba. Zafin ya ƙona bakin ramukan, suka fara tsagewa a hannun mutanen da suka shekara suna haɗa jirginsu a garejin gida. A Disamban 2023 Van's ya tafi kotun fatara, waɗanda suka riga suka biya kuɗi aka ce su ƙaro.

Sura kuma? Piper Cub na 1938 mai launin rawaya, yaro ma zai iya zana shi a ƙasa da tsinke. Beechcraft Bonanza na 1947 mai wutsiya kamar an buɗe almakashi, ko a hoto ka gan shi sai ka sake kallo, duk da wutsiyar nan ta ba da wahala har sai da aka ƙarfafa ta. Na yau kuwa, kai ƙato, wutsiya siririya, sak talibambam. Kusan duk farare, saboda robar da ake yin jikinsu da ita ba ta son zafin rana, sai a manna musu sitika mai lanƙwasa a gefe irin ta motar haya a ce an yi ado.

Na daɗe ina tambayar kaina wa ake yi wa waɗannan kayan, sai na gane ba ni ba ne. A Amurka da Turai mai sabuwar mota sau da yawa hayarta yake yi na shekara uku, ya mayar ya karɓi wata. Shi ake zana wa mota. Abin da ake bukata shi ne ta burge shi minti goma a ɗakin nuni, ta yi kyau a hoton waya, ta kai ƙarshen garanti ba ta tona asiri ba. Abin da zai faru a shekara ta goma sha biyu ba ya cikin lissafin akawun kamfani, domin a lokacin motar tana hannun mai ita na uku ko na huɗu, a Sabon Gari ko Damagaram, cikin ƙurar hunturu da zafin Afrilu da fetur ɗin da Allah kaɗai ya san abin da aka gauraya masa. Mu ne wannan mutumin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba mu zaɓi allon ba, ba mu nemi bel cikin mai ba, ba a tambaye mu game da safaya taya ba, amma mu ne za mu kwana a Kwanar Dangora. Kuma kada a ce ba a iya yin mai sauƙi mai ƙarko a yau: Toyota yana ƙera Land Cruiser 70 tun 1984 har gobe, da maɓallanta da sandar giyarta, saboda masu haƙar ma'adinai da ƙungiyoyin agaji sun ƙi karɓar wani abu daban, kuma su suna da bakin da ake ji.

Ranar da na je karɓar motata, a can ƙarshen garejin akwai wata 504 wagon fara, fentinta ya ƙoƙe, wani dattijo ya kawo a canza mata shokozoba. Yaron gareji ɗan shekara sha biyar ne ya yi aikin, da sifana biyu da jak, kafin la'asar ya gama. Na taya motar, wasa-wasa amma da gaske nake. Dattijon ya dube ni, ya dubi tawa mai ƙyalli da murtukakkiyar fuska, ya ce, "Malam, ni ina da wurin zuwa gobe." Ya murɗa makulli sau ɗaya ta tashi, ya fice ya bar mu da ƙura.

Tawa kuwa, shekaranjiya da safe fitilar nan ruwan ɗorawa ta sake kunnuwa. Na kira bakanike, ya ce mai kwamfuta ya yi tafiya, sai Litinin.